Argungu ba ranar kamun kifi kaɗai ba ce

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wannan ruwan da kuke gani shi ne Matan Fada, eh shi ɗin dai da kuka saba gani a talabijin cike da mutane har ba ka iya hango ruwan kansa. Ni da sassafe na ɗauko shi ranar wata Talata, ba ganga ba kalangu ba manyan baƙi, sai hazo kwance bisa ruwa da wani tsoho shi kaɗai a jirginsa zai haye zuwa gonar shinkafa. Da gangan na faro daga nan, don abin da ke damuna kenan, duk wanda ka ce ma Argungu sai ya ce ai garin kamun kifi, shi ke nan ya gama da garin. Mahaifiyata 'yar wanga gari ce, a nan na yi hutun makaranta ba adadi, kuma wallahi kamun kifin nan na awa ɗaya shi ne ƙaramin abu cikin labarin.

Toh bari mu fara da inda garin yake. Argungu tana jihar Kebbi, kan hanyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, daga Sakkwato wajen kilomita 100 ne, daga Birnin Kebbi kuma bai fi rabin haka da kaɗan ba. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa can kusa da Sakkwato sai su gangaro tare su biyo ta nan, su wuce Birnin Kebbi su je su faɗa Neja. Amma ba ruwan kaɗai za ku duba ba, ku dubi abin da ke gefensa, fadama ce shimfiɗe iya ganinka, da damina ruwa ya malale ta duka, da rani ya janye ya bar laka da tafkuna. Ku riƙe fadamar nan a ranku domin duk tarihin da zan ba ku a kanta yake tsaye.

Kabawa, wato mutanen Kabi masu wanga gari, ba a Argungu suka faro ba. Wajen 1516 Muhammadu Kanta, wanda ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, ya samu saɓani da shi a kan rabon ganima, ya ce shi ya daina bi. Askiya ya turo runduna, Kanta ya tare ta ya kore ta. Ku yi tunani, Songhai a lokacin ita ce daular da kowa ke shakka a wannan yanki namu. Kanta ya gina birninsa a Surame, ganuwar da aka yi da dutse har yau tana nan a cikin daji a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. Bayan shekaru masu yawa hedikwata ta koma Birnin Kebbi, wajen 1700.

Sai jihadi ya zo. A 1805 rundunar jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin Abdullahin Gwandu da Aliyu Jedo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da mutanensa. A shekarar dai aka yi yaƙin Alwasa, wanda ya yi wa jama'ar Shehu tsanani ƙwarai, kuma Alwasan nan tana nan cikin ƙasar Argungu, mutane na wucewa ta gefenta a mota kullum ba su san an zubar da jini a wurin ba. Ni ba na ba da labarin nan don in tayar da tsohon miki, Shehu namu ne duka, Kanta ma namu ne, kuma yau gida ɗaya za ka samu uwa Bakaba uba Bafillace. Amma in ba ka san an yi faɗan ba, ba za ka gane darajar sulhun ba.

Waɗanda suka ƙi miƙa wuya su ne suka taru a nan. A bakin tsofaffi ma za ka ji ana cewa sunan garin daga kalmar gungu ya fito, wato a taru wuri ɗaya. Sarki Sama'ila wanda ake ce ma Karari ya zauna Argungu ya ci gaba da turjiya, har 1831 da rundunonin Sakkwato da Gwandu suka taso masa tare, garin ya faɗi, aka kashe shi, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Yaron nan ya yi kusan shekara 18 a hannun waɗanda suka ci garin ubansa, a fadarsu ya zauna, tare da su yake fita yaƙi, har aka amince da shi aka bar shi ya dawo gida. A 1849 ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka mara masa baya, kuma daga ranar har zuwan Turawa ba wanda ya sake cin Argungu da yaƙi.

To me ya hana? Ga Sakkwato nan kusa, ga Gwandu nan kusa, garin kuma ba wani babba ba. Jarumtaka kam akwai ta, amma ku koma ga fadamar da na ce ku riƙe. Ƙarfin yaƙin wancan zamani doki ne, doki kuwa in ya shiga laka ya zama kaya. Rabin shekara ruwa ya kewaye garin, wanda ya san mashigi shi kaɗai ke wucewa, kuma Bakabe tun yana yaro ya san inda ruwa ke kai gwiwa da inda ke shanye mutum. In an tsare ka ta tudu ba za ka mutu da yunwa ba, ga kifi ga shinkafa a bayan gida. Ruwan da ya ciyar da su shi ne ya tsare su. An ɗan samu lafawa zamanin Sarki Abdullahi Toga, abin da ake kira Lafiyar Toga, daga baya wuta ta sake tashi zamanin Sama'ila ɗan Yakubu Nabame wanda ya hau a 1883 ya yi mulki har 1915, shi ne Turawan Ingila suka tarar bisa gado.

Yanzu ku zo mu shiga wanga gida. Wannan shi ne Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, ana danganta ginin da 1831, sarakuna sun zauna cikinta har 1942 da aka koma sabuwar fada, a 1958 aka mai da ita gidan tarihi. Ku dubi kaurin bangon nan, ginin ƙasa ne, da azahar rana na dukan waje amma kana shiga zaure sai ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa. Ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, akwai sulke, akwai tambura, akwai layu da kayan su na da. Kuma a nan ake rufe sarakuna, don haka in kun zo ku sassauta murya, ba wurin ihu da ɗaukar hoton wasa ba ne. Ranar da na fara shiga da wayona ina ɗan sakandare ne, kawuna ya riƙe hannuna ya tsaya gaban wata rigar yaƙi ya daɗe bai ce komai ba, sai da muka fito ya ce min kakansa ya ga masu sa irinta da idonsa. Tun ranar na daina ganin tarihin Kabi kamar tatsuniya.

To ina kifi ya shigo? Su dai Kabawa sun daɗe suna yi, da al'adunsu na gyaran ruwa da fashin ruwa tun kafin a san za a kira abin biki. Amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ku auna abin, jikan gidan da aka yi kusan shekara 100 ana gaba da shi ne ya tako da ƙafarsa ya zo. Me za ka nuna wa irin wannan baƙo? Dawaki yana da su fiye da naka. Sai Kabawa suka nuna masa abin da su kaɗai suka iya, suka shiga ruwa. Daga nan bikin ya samo asali, shi ya sa ni in na ga mutane sun ruga cikin Matan Fada ba gasa nake fara gani ba, sulhu nake gani. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Yadda ake yi kuwa, duk shekara an hana kamun kifi a Matan Fada don kifi ya samu ya girma. Sarkin Ruwa shi ke da alhakin ruwan, sai ya duba ya ba da izini, kuma mutanen gari sun yi imani shi ke sa kadoji su kauce ranar. Masunta dubbai su jeru can nesa da gaɓa kowa da gorarsa da homarsa, wato tarun hannu, ana harba bindiga sai ka ga ƙura ta tashi, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, cikin minti biyu ruwan ya koma mutane. Makaɗa na bin su a jirage suna kiɗa suna kirari. Wajen awa ɗaya a gama, a kai manyan kifaye kan sikeli gaban Sarki. Bikin ya tsaya bayan na 2009, matsalar tsaro da ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, sai 2020 ya dawo, kuma kifin da ya ci a shekarar kilo 78 ne, ya fi buhun siminti da rabi nauyi, da hannu da homa aka fito da shi. Kafin ranar su ɗin akwai kwanakin kabanci, tseren jirage da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu zalla, ga kokawa da dambe a tudu.

Amma ku tsaya ku kalli gorar nan da kyau, don a cikin hayaniyar biki ba mai lura da ita. Ƙatuwar ƙwarya ce da ɗan baki a sama, masunci ya kwanta a kanta da cikinsa ta ɗauke shi bisa ruwa, ƙafafunsa na tuƙi, hannu biyu kowanne riƙe da homa, in ya ji motsi sai ya nutsa ya haɗe su kamar mai tafi. Ƙaramin kifi ya jefa cikin gorar, babba irin giwan ruwa sai an zura masa igiya ta baki. Abu ɗaya, shi ne jirginka shi ne ma'ajinka. Na samu wani dattijo a inuwa yana ɗinke tsagewar tasa, na durƙusa na ce Baba sannu da aiki, gorar nan ai ta tsufa, ba za a sake sabuwa ba? Ya ɗago ya dube ni ya ce ɗana, wagga ta san nauyina, sabuwa sai na koya mata. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Abin da ke ci min rai shi ne ruwan yana raguwa. Tsofaffi za su nuna maka inda da mutum ba ya tsayawa, yanzu yara ke wasa a wurin da rani. Akwai madatsun ruwa a sama, Goronyo a kan Rima da Bakolori can Talata Mafara a Zamfara, ga yashi na cike gulbi, ga injinan ban ruwa ko'ina suna ja. In kuma damina ta yi ƙarfi sai abin ya juye, kamar ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi mutane suka yi asarar da har yau wasu ba su farfaɗo ba. Shinkafar nan kuwa ita ce rayuwar garin a sauran kwanakin shekara, tun 2017 akwai babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu, tireloli na shiga suna fita, samarin da da sai su tafi ci-rani Legas yanzu da yawa suna fadama da rani suna noman ban ruwa. Ni ina murna da wannan sosai, amma ina so wanda ke shan ruwan ya tuna masunci ma da shi ya dogara.

Don haka in za ku zo, ku zo biki, wajen Fabrairu ko Maris ake yi, ba zan hana ku ba, abin kallo ne da ba a mantawa. Amma in da hali ku ƙara kwana biyu bayan baƙi sun watse, ko ku zo lokacin hunturu da ba kowa. Ku kwana, ku yi asuba a masallacin unguwa, ku gangara bakin gulbi kafin rana ta fito ku ga masu jirage na ɗaukar manoma da baburansu zuwa ƙetare. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum, musamman mata masu suyar kifi, ku gaishe su tukuna. Ku ce a ba ku tarwaɗa ko karfasa mai zafi da yaji, in kun samu gidan da aka yi tuwon shinkafa da miyar kifi kuwa to kar ku yi kunya ku zauna. Daga nan ku wuce Gidan Kanta da hantsi kafin rana ta yi zafi.

Ga tsohon nan da muka faro da shi ya kai ƙetare, yana ɗaure jirginsa a turke zai shiga gona. Bidiyo na gaba in Allah ya yarda zan kai ku Surame ku ga ganuwar Kanta da idonku, sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.