Matar cikin bidiyo da mijin da ba a tambaya

(Laccar wata malamar Islamiyya ce a taron iyaye da matasa a Garwa, ƙasar Kamaru. Daga muryar da aka ɗauka a waya aka rubuto ta, an rage gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza, iyayenmu mata, da ƙannena da ke can baya, sannunku da zuwa. An ce in yi magana kan waƙoƙin bidiyo da yaranmu ke kallo. Na san wasu jira suke in ce haramun ne mu tashi. Hukuncin kiɗa ga malamai nan zaune, sun fi ni sani. Ni labarin da ke cikin bidiyon nake so mu duba, don duk hukuncin da aka yanke, abin yana cikin wayar 'yarki yanzu haka.

Yawancinsu ba a nan ake yin su ba. Daga Kano da Kaduna da Jos suke fitowa. Da a kaset da faifai 'yan kasuwa ke shigo da su ta Yola, yanzu yaro ya je wurin mai tura waƙa a cika masa memori, mai data kuma ya hau YouTube ko TikTok. Daga Marwa har Ngaundere abu ɗaya ake kallo.

To me ake nunawa? Sau da yawa mata biyu ne da namiji ɗaya. Uwargida tana madafa, ɗaurin zani, hayaƙi a ido, goyo a baya, tana waƙar haƙuri. Ɗayar kuwa ku lura da yadda ake shigo da ita. Kyamara ba ta farawa da fuskarta. Daga takalmi take tashi, ta bi lallen ƙafa, ta hau a hankali, mayafin yana saɓule a kafaɗa, iska na kaɗa shi. Sai ga maigida cikin shadda, yana juya makullin mota a yatsa, ya gan ta ya daskare. Daga nan sai waƙa ta ce an sace shi, an yi masa asiri, an raba shi da gidansa. Kamar akuyar da aka kwance daga turke da dare. Mutum mai gemu, mai 'ya'ya huɗu! A ƙarshe yarinyar ta wulaƙanta, shi ya dawo ya sunkuyar da kai, uwargida ta share hawaye ta kawo masa ruwa. Shi ke nan an gama.

Wa ya ɗora mata wannan mayafin a kafaɗa? Wa ya ce wa mai kyamara ya fara daga ƙafa? Galibi maza ne ke ba da umarni, su ke ɗauka, su ke zuba kuɗi. Su shirya fitinar da hannunsu, su sayar da ita, sannan su liƙa wa'azi a minti na ƙarshe.

Ba a cikin bidiyo kaɗai ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori 'yar fim Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar soyayya tare da wani mawaƙi. Ban zo kare abin da aka yi a ciki ba. Amma mutum biyu ne a hoton, sunan ɗaya ne ya cika gari. Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, tana duba sutura da rawa da taɓa jiki. Wannan ƙaryar ta cikin bidiyo da nake nuna muku ta fi ƙarfin almakashinta, don babu tsiraici a cikinta.

Ku buɗe Suratun Nur. Aya ta 30 maza aka umarta su runtse ido, sannan ta 31 ta zo kan mata. Da ku aka fara, iyayenmu maza, ku yi mini afuwa. Annabi Yusuf, alaihis salam, an kulle ƙofofi, shi saurayi ne, a gidan da ake da iko da shi. Ya nemi tsarin Allah, ya ruga ƙofa, har rigarsa ta yage ta baya. Wa ya taɓa ganin bidiyon da namiji ya juya ya gudu?

Sai maganar nauyin gida. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ɗora ci da tufafi a kan uba. Amma duk watannin da maigidan bidiyo ya yi yana yawo a lambu, waƙar ba ta tambayar wa ya yi cefane. Mu nan mun sani. Mai tuyar ƙosai da asuba ce, mai keken ɗinki ce, mai kasa busasshen kifin Lagdo ce, wadda in Satumba ta zo za ta kwashe adashinta ta biya makaranta. Kuma akwai mazan kirki, kada a ce na zalunce ku: ɗan moto, mai haya da babur, da ke wuni a rana ya dawo da leda a hannu, yara su tare shi a zaure. Shi ma ba a sa shi a bidiyo, don ba shi da mota. Sai saurayi ya taso yana ganin mazantaka makulli ce da shadda, budurwa kuma ta ɗauka iyakar rabonta ko dai ta jure ko ta ƙwace.

An miƙo mini takarda: shin mu ƙwace wayoyin? Baba, in ka ƙwace ta kalla a ta maƙwabta, ko a gidan biki inda mu iyaye muka biya mai kiɗan da kuɗinmu. Gara a kalla a gabanku, da ita da yayanta namiji, shi ma a tambaye shi me ya gani game da mijin. Akwai wata tambayar kan kishiya, ita kam sai bayan La'asar, an kira salla.