Ɓaraguzan da Muke Biya a Kwashe a Mancesta, Kawu Sayensu Yake a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Kalgo, ina gaishe ku, ya damina? Yau daga bayan wani gida nake magana da ku a nan Mancesta. Jiya muka ƙare aikin tsakar gidan nan: mun rushe tsohuwar katangar lambu, mun ɗaga tsohon daɓe, mun shimfiɗa sabo. Abin da ya rage shi ne tulin ɓaraguzan nan da kuke hange a bayana.

Jiya da la'asar muna waya ta bidiyo da Kawu a Badariya, sai ya hango shi, ya ce wa za mu sayar wa. Na ce Kawu, ai mu ne za mu biya a kwashe. Ya yi shiru, can ya ce, "Mi yas sa? Mu nan ciko muke nema da kuɗɗinmu." Kuma gaskiyarsa. Filin da yake ginawa kwari ne, tun bara yake sayen tifar ƙasa. Shi ya sa na ce bari in kunna kyamara in nuna masa, ku ma ku gani.

Bari in matso. Kun ga falen kankaren nan? Faɗinsa santimita 60, tsawonsa 60, kaurinsa 5. Guda ɗaya ya haura kilo 40, wato ya kusa buhun siminti na gida. To ku ƙiyasta tsakar gida guda. Nauyin nan shi ne tushen kuɗin, domin a ƙasar nan da sikeli ake karɓar shara. Tun 1996 gwamnati ke karɓar haraji a kan kowane tan da aka binne a rami, kuma harajin iri biyu ne. A farashin da aka sa a Afrilun 2025 a Ingila, kayan da ba sa ruɓewa, irin dutse, ƙasa, kankare da bulo, fam 4.05 ne kan tan ɗaya. Sharar da ta cakuɗe kuwa fam 126.15. Dutsen nan ɗaya ne, amma da zarar katako da leda da ciyawa sun shiga cikinsa, ya koma layin mai tsada.

Na ga wannan da idona a shekarata ta farko. Wani abokin aiki ya jefa 'yan guntayen allon filasta a cikin sikif ɗinmu, wato akwatin ƙarfen nan mai kama da bodin tifa da ake ajiyewa a ƙofar gida. Kamfanin da ya zo ɗauka ya gani, ya ce kayan sun gurɓata, aka caje mu kuɗin cakuɗaɗɗiyar shara gaba ɗaya. Ranar maigidana bai ci ribar aikin ba. Tun daga nan, kafin guduma ta taɓa katanga muke ware wa kowane abu wurinsa.

Ga su nan. Na hagu fasasshen kankare ne da guntun bulo zalla. Wannan za a kai shi injin niƙa, maganaɗisu ya zare rodi da waya, sauran ya zama tsakuwa. Irinta muka zuba a ƙarƙashin sabon daɓen nan muka danne da inji, irinta kuma ake zubawa ƙarƙashin titi. Na tsakiya falayen da suka fita lafiya ne. Na ɗauki hotonsu na sa a Facebook kyauta, kafin magariba wani dattijo ya ce zai zo ya kwashe ya daɓe hanyar lambunsa.

Amma inda raina yake shi ne nan, jan bulon nan na katanga. Ku duba da kyau. Tsoffin magina da farar ƙasa suka haɗa shi, ba da siminti ba. Na ɗauko ɗaya, na sa kan guduma, ƙwal, ƙwal, sau biyu, kun ga abin ya zube kamar gari, bulon ya fito sumul, ga gefensa bai ko tsage ba. Da siminti ne, sai dai bulon ya karye. Irin wannan tsohon bulo akwai masu sayensa, domin mai gyaran tsohon gida yana son wanda launinsa zai dace da bangonsa. Tun safe nake zaune kan bokitin nan ina kankarewa, yatsuna sun ƙage don sanyi, amma ba na iya kallon bulon da ya girme ni a jefa shi cikin inji. Yana tuna min Baba, Allah ya jiƙansa, idan katangar ƙasa ta faɗi da damina ba ya barin ko dunƙule ɗaya ya ɓata. A jiƙa ta, a tattaka da ciyawa, ta koma jikin gida.

Akwai abu biyu da ba ma yarda su shiga tulin nan, kuma su nake so magina na gida su saurara. Na farko filasta, wanda ku kuke kira P.O.P. Idan ya sha ruwa laushi yake yi, sinadarin cikinsa kuma yana cin siminti. Wanda ya yi ciko da shi, bayan damina biyu zai ga daɓensa ya lotsa. Na biyu asbesto, wato tsohon silin da rufin nan mai launin toka da ake samu a tsoffin kwatas da makarantu. Birtaniya ta haramta shi kwata-kwata a 1999. Ƙurarsa ce mugun abu, tana maƙalewa a huhu, ciwon kuma sai bayan shekara 20 ko 30 yake bayyana. Mun yi wasa da guntayensa muna yara, muna zana layi a ƙasa, babu wanda ya gaya mana. Don Allah in kun ci karo da shi kada ku fasa, ku yayyafa masa ruwa, ku naɗe shi a leda mai kauri, ku nisanta yara.

Wani zai ce me ya hana mu loda a mota mu juye a bakin daji da dare. Laifi ne babba a nan, ƙaramar hukuma tana iya cin mutum tarar da ta kai fam 1,000 nan take, in abin ya je kotu ya fi haka. Har mai gidan ana iya kamawa idan ya ba wanda ba shi da rajistar kwasar shara shararsa. To mu a gida matsalarmu ba ta kuɗin kwashewa ba ce, tunda ɓaraguzai kaya ne masu daraja. Abin da ke ƙona min rai shi ne mutum ya gama gini, ya share ragowar bulo da yashi ya tura cikin lambatu, ko ya jibge a bakin kwalbati. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ruwan gulbi ne, ya fi ƙarfinmu. Amma ruwan da ke shiga ɗakin maƙwabci cikin unguwa, sau da yawa hanyarsa aka toshe. Alhali ga mai amalanke nan yana neman aiki, ga ramin da zaizaya ta ci a bakin layi yana jiran ciko, ga 'yan bola jari za su zo da kansu su ɗebi rodin.

Kawu, in ka ga wannan, ka sa yaran su zagaya inda ake sa intalok a cikin gari, su nemi karyayyun. Manyan a ƙasa, ƙananan a sama, a zuba yashi ya cike tsakani, a jiƙa a danne kafin a ƙara wani. Kada a bari kututture ko leda su shiga.

To ga motar can ta iso, mai hannun ƙarfe da ke damƙo kaya ta bisa katanga. Bari in je in buɗe masa ƙofa, in karɓi takardar da ke nuna abin da ya ɗauka da inda zai kai, domin doka ta ce mu ajiye ta shekara biyu. Ku gaishe min da mutanen gida, sai mun sake haɗuwa.