Raba Shugabanci a Wurin Aiki: Abin da Ya Faru a Masana'antar Motoci ta Fremont

Assalamu alaikum, masu kallo. A yau za mu duba tsarin shugabancin haɗin gwiwa a wurin aiki, wato wanda ba a tattara ikon yanke shawara a hannun mutum ɗaya, kuma za mu dube shi ne ta labarin wata masana'antar ƙera motoci da ke garin Fremont a jihar Kaliforniya ta Amurka.

Kamfanin General Motors ya rufe wannan masana'anta a shekarar 1982, bayan ta yi ƙaurin suna wajen rigima da rashin ingancin kaya. Yajin aiki ya yawaita, kusan ma'aikaci ɗaya cikin biyar kan ƙi zuwa aiki a rana, motocin da ke fitowa kuma cike suke da lahani. Babbar dokar wurin ita ce kada layin harhaɗa motoci ya tsaya ko ta halin ƙaƙa. Saboda haka idan ma'aikaci ya ga noti bai ɗauru ba, sai ya kawar da kai motar ta wuce, domin da yawan motocin da suka fita ake auna ƙoƙarin shugabansa.

A shekarar 1984 General Motors da Toyota suka haɗa jari suka sake buɗe wurin da sunan NUMMI, aka bar tafiyar da aikin a hannun Toyota. Abin lura shi ne mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa jin magana, har da shugabannin ƙungiyarsu ta ƙwadago. An tura ɗaruruwansu masana'antar Toyota ta Takaoka da ke Japan domin su ga yadda ake aiki a can.

Abin da ya fi ba su mamaki wata igiya ce da ke rataye a saman kowane wurin aiki. Duk ma'aikacin da ya ga matsala, komai ƙanƙantar muƙaminsa, yana da ikon jan ta. Da zarar ya ja, fitila za ta kunnu a kan allo, wani sauti ya tashi, shugaban rukuninsa ya iso da sauri. Idan sun shawo kan matsalar kafin motar ta kai iyakar wurin, aiki ya ci gaba. Idan kuwa ba su iya ba, layin zai tsaya har sai an gyara. Ba a yi wa wanda ya ja igiyar faɗa, domin shugaban ya zo ne ya taimaka masa su gano tushen matsalar.

An kuma kasa ma'aikata rukuni-rukuni na mutum kaɗan, kowane da jagoransa wanda shi ma ma'aikaci ne ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya iya aikin kowa a rukunin, yana kuma maye gurbin wanda bai zo ba. Maimakon injiniya ya tsaya a bayansu da agogo yana ƙirga musu daƙiƙoƙi, su aka miƙa wa agogon, suka auna aikinsu, suka rubuta hanyar da ta fi sauƙi da aminci. A ganina wannan shi ne zuciyar al'amarin. Manajoji suna nan da ikonsu a kan kuɗi da tsari, amma hukunci a kan yadda za a ɗaura ƙofar mota ya koma hannun wanda ke ɗaura ta kullum.

Ba a daɗe ba ingancin motocin Fremont ya kusan kamo na Takaoka, fashin aiki kuma ya ragu ƙwarai. Sai dai mutum ba ya tona matsala idan yana tsoron a sallame shi, kuma kamfanin ya san da haka. A wajajen 1988, lokacin da ciniki ya faɗi aka rage yawan motocin da ake ƙerawa, ba a kori ma'aikata ba, sai aka sa su horo da ayyukan inganta masana'antar. Duk da haka ba a rasa ƙorafi ba: wasu sun koka da saurin aikin, wasu kuma da son kai wajen zaɓen jagororin rukuni.

General Motors ta sha wahala wajen kai wannan tsari sauran masana'antunta. A ta Van Nuys, wadda ita ma ke Kaliforniya, an gwada shi, amma masu kula da ma'aikata sun ga kamar ana rage musu girma, ma'aikata kuma ba su yarda cewa aikinsu na da tabbas ba, kuma an rufe ta a 1992. Ita NUMMI ta ci gaba har zuwa 2010, bayan General Motors ta janye hannunta sakamakon karayar arzikin da ta yi a 2009, daga nan kamfanin Tesla ya sayi masana'antar.