Amsoshin Tambayoyinku: Kalmomin Kallo da Dubawa a Turanci

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu uku muka ware yau, duk a kan kalmomin Turanci na kallo da dubawa.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya, mai shirin zana jarrabawar WAEC. Yana cewa: "Malam, mene ne bambancin glance da glimpse? Ƙamus ɗina ya ce duka kallo ne na ɗan lokaci."

To ƙanena, ƙamus bai yi maka ƙarya ba, rowa ya yi maka. Bambancin yana wajen niyya. Kana cikin aji, malami ya ja darasi, sai ka ɗan kai ido kan agogon hannunka ka ɗauke. Wannan shi ne glance, kai ka ga dama ka duba: I glanced at my watch. Shi kuwa glimpse, abin ne ya gifta maka. Ranar hawan sallah kana can baya cikin cunkoso, ƙura ta turnuƙe, dawakai sun wuce, ba abin da ka gani na Sarki sai wulgawar laimarsa. A nan Bature zai ce I caught a glimpse of him. Ka lura da caught ɗin nan, wato cafkewa, don abin da ke shirin kuɓucewa ake cafka. Mu ma ai "na ɗan duba" daban, "na ga wulgawarsa" daban.

Tunda mun zo nan, bari in ƙara maka peek da peep, waɗanda leƙe ne kawai, irin na yaron da ya ɗaga murfin tukunya uwarsa na bayan gida. Daga peep aka sami Peeping Tom, mai leƙen mutane a ɓoye. Almara ce ta garin Coventry a Ingila: wai Godiva, matar hakimin yankin, Leofric, wanda ya mutu a 1057, ta ratsa gari a kan doki ba sutura don mijinta ya sassauta wa talakawa haraji. Kowa ya kulle ƙofarsa, sai wani tela mai suna Tom ya leƙa, ya makance. Ɗaruruwan shekaru bayan haka aka cusa telan cikin labarin, amma sunansa ya zauna daram a harshen.

Wasiƙa ta biyu daga wata malama ce a Maraɗi da ke koyon Turanci. Ta ce a asibiti scan na nufin bincike mai zurfi, amma malaminsu ya ce su yi scan ɗin shafi cikin minti ɗaya. Wane ne daidai?

Malama, dukansu. Ma'anar da ta riga ita ce duba abu dalla-dalla, kuma ita ce ta ba mu sikanin da ake yi wa mai juna biyu. Ta gaggawar daga baya ta shigo. A karatu, scan shi ne ki bi jerin sunaye a allon sakamako kina neman naki kaɗai, sauran ko oho. Ƙawarta skim kuwa asalin ma'anarta shi ne yaɗe abin da ya taso sama, kamar man da ke kan madara. Kin bi labari sama-sama, kin kwashi gundarinsa, kin bar sauran a ƙwarya.

Ta uku ce ta ba ni dariya, Allah ya yafe mini. Wani ma'aikaci daga Kaduna ya ce maigidansa a ofis ya ba shi fayil, ya kwana yana dubawa, da safe ya rubuta masa: Sir, I have overlooked the file. Maigida ya kira shi ya wanke shi tas. Yana tambaya, ina laifinsa?

Malam, da hannunka ka rubuta cewa ka yi sakaci da fayil ɗin! Overlook na nufin abu ya shige maka ba ka lura ba, ko ka kau da kai da gangan. Abin da ka so faɗa shi ne I have looked over the file. Kalmomi biyu ne, sauya musu wuri kawai aka yi, ma'ana ta juya baya. Ni da zan ba ka shawara, tunda har kwana ka yi a kai, ka ce I have gone through it, don look over ma ba ta kai nauyin wahalarka ba. Kada kuma ka ce I gave it a once-over. Wannan maganar hira ce, irin kallon da dillali ke ƙare wa babur daga fitila zuwa taya kafin ya yi tayi.

Idan dubawa ce ta hukuma, mai rubuta rahoto, sai inspect. Daga nan inspector ta fito, wadda bakinmu ya mayar sufeto. Dattawa kuma ba su manta da duba-gari ba, wanda ke shiga har tsakar gida ya buɗe randa yana neman tsutsar sauro.

Gobe sai ka koma wurin maigida da fayil ɗin a hannu, ka nuna masa inda ka yi gyara da jan biro.