Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwayar ciwon suga mai sakin magani a hankali

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Legas. Wasiƙar farko ta wata Hajiya ce daga Agege, tace likita ya canza mata metformin zuwa wanda aka rubuta XR a kwalinsa, da sau biyu take sha yanzu sau ɗaya da abincin dare, amma ƙwayar ta mata girma, wai ko zata iya dakawa ta zuba a koko?

Hajiya don Allah kar ki daka, kar ki tauna, ki haɗiye ta yadda take da ruwa. Metformin tsohon magani ne, tun 1957 wani likitan Faransa Jean Sterne ya fara gwada shi a kan masu ciwon suga, matsalarsa shi ne yana narkewa a ruwa nan da nan, sai ya sauka a ciki lokaci guda, shi yasa wasu ke fama da gudawa da tashin zuciya. Toh a XR ɗin nan an cakuɗa maganin ne da wani abu mai danƙo, in ya shiga ciki sai ya sha ruwa ya kumbura kamar garin kwaki da aka jiƙa, maganin ya dinga tsattsafowa kaɗan kaɗan har tsawon sa'o'i. Girman da kike gani ma daga nan ne, miligiram 500 na magani ga kuma danƙon da zai riƙe shi. Kina dakawa kin rushe aikin, duk zai zubo gaba ɗaya. In haɗiyar ce ta gagara ki koma wajen likitanki. Kuma in kinga wani abu kamar ƙwayar a bayan gida kar hankalinki ya tashi, ɓawon ne kawai, maganin ya riga ya fita.

Sai wani ɗan'uwa mai sayar da kayan gwari a Mile 12, yace yaji ana haɗa irin wannan ƙwayar da ƙaro da kuɓewa, gaskiya ne? Eh Malam, masu binciken haɗa magunguna suna gwada ƙaro irin na Yobe da Jigawa, da yauƙin kuɓewa, da sitacin rogo, don suna da araha kuma a gida ake samunsu ba sai an jira dala ba. Sai dai akwai aiki, ƙaron bana ba lallai ya zo daidai da na bara ba, ga danshi ga ƙwayoyin cuta sai an tace, sannan a jefa ƙwayar cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, ana auna nawa ta saki duk bayan awa. Yawancin na kyamis yanzu da wani sinadari mai danƙo da ake kira HPMC ake yinsu, wanda ake sarrafawa daga ɓargon itace.

Ba wai ka sha ƙwaya ka bi da miyar kuɓewa tayi maka wannan aikin ba fa Malam. In zaka saya duba lambar NAFDAC a kwalin. Mu je ga wasiƙa ta gaba daga Idi-Araba.