Ƙuri'ar da Kunya Ta Fito da Ita

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A Amurka, mutum yakan dawo daga wurin aiki 'yan kwanaki kafin zaɓe, ya buɗe akwatin wasiƙun da ke ƙofar gidansa, ya tarar da takarda daga wata ƙungiyar da bai taɓa jin sunanta ba. A saman takardar ga sunansa da adireshinsa, a ƙasa kuma ga sunayen maƙwabtansa na layi ɗaya an jera su, gaban kowane suna an nuna ko ya kaɗa ƙuri'a a zaɓukan da suka wuce ko bai kaɗa ba. Daga ƙarshe sai a shaida masa cewa bayan zaɓe za a sake aiko wa kowa da sabon jeri, domin unguwa ta san wanda ya fita da wanda ya zauna a gida. Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a yau shi ne yadda nake jin wasu masu ilimi suna yabon wannan dabara, har suna kiranta maganin ƙaurace wa rumfunan zaɓe, alhali sunanta na gaskiya a Hausa shi ne tonon silili.

Asalin abin daga jihar Michigan yake. Gab da zaɓen fidda gwani na watan Agustan 2006, malaman kimiyyar siyasa uku, Alan Gerber da Donald Green na jami'ar Yale da kuma Christopher Larimer, sun haɗa kai da wani mai ba 'yan siyasa shawara, Mark Grebner, suka yi gwaji a kan gidaje kimanin 180,000. Gidajen da ba a aika wa komai ba, kashi 29.7 cikin ɗari na mutanensu ne suka yi zaɓe. Waɗanda aka tunatar cewa zaɓe haƙƙin ƙasa ne a wuyansu sun kai kashi 31.5. Waɗanda aka gaya wa cewa masu bincike na sa musu ido sun kai kashi 32.2, waɗanda aka nuna wa tarihin zaɓen mutanen gidansu kuma kashi 34.5. Amma waɗanda aka jera sunayensu tare da na maƙwabta, aka kuma yi musu alkawarin fallasa, sun kai kashi 37.8. Da aka buga sakamakon a 2008, masu yaƙin neman zaɓe sun yi rububinsa, domin takarda guda mai arha ta yi aikin da sai an bi gida-gida ana ƙwanƙwasa ƙofa ake samun irinsa.

Ba na jayayya da waɗannan alƙaluma. Dabarar tana aiki, kuma aikin da take yi shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. A sake duba jerin da idon basira. Da aka yi wa mutane maganar haƙƙin ƙasa, ƙarin da aka samu bai kai kashi biyu ba. Da aka yi musu barazanar tozarta su a idon maƙwabta, ƙarin ya haura kashi takwas. To mene ne ya fito da waɗannan mutane daga gidajensu? Takardar ba ta gaya musu komai game da 'yan takara ba, ba ta yi musu bayanin haraji ko makaranta ko asibiti ba, ba ta kuma ƙara musu ko ƙwayar zarra ta yarda da cewa ƙuri'arsu za ta sauya wani abu ba. Kunya ce ta fito da su. Mutumin da ya shiga layi don kada matar gidan da ke kallon nasa ta ga gurbi a gaban sunansa, an ƙirga ƙuri'arsa, amma ba a shawo kansa ba, kora shi aka yi.

Masu kare dabarar suna da amsa guda da suke maimaitawa: wai a Amurka wanda ka zaɓa sirrinka ne, amma ko ka yi zaɓe ko ba ka yi ba bayani ne da doka ta buɗe wa kowa. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Rajistar da ke ajiye a ofishin zaɓe domin a iya bincikar maguɗi daban take da wadda aka kwafo aka kai ƙofar maƙwabcinka da gangan domin ya ga gazawarka. Shari'ar da aka yi a kotu ma a buɗe take, amma wanda ya buga ta ya bi unguwa yana rabawa kowa ya san nufinsa.

Sannan takardar ba ta da kunnen jin uzuri. Ranar Talata ake zaɓen ƙasa a Amurka, ranar aiki ce, kuma akwai lebura da direba da mai aikin jinya waɗanda fita daga aiki ke nufin asarar kuɗin yini. Akwai wanda ke kwance a asibiti, akwai wadda ke jinyar mahaifiyarta, akwai kuma wanda ya duba 'yan takarar duka ya ga babu wanda ya cancanci ƙuri'arsa, kuma wannan ma ra'ayi ne da ya kamata a mutunta. Duk waɗannan gurbi ɗaya ake bar musu a gaban suna. Mu Hausawa mun san nauyin idon jama'a. Wanda bai je gaisuwar mutuwa ba za a tambaye shi. Sai dai mai tambayar ya san fuskarka, ya san gidanku, zai tsaya ya ji dalilinka, kuma gobe kai ma kana iya tambayarsa. Kwamfutar da ta jera sunaye ba ta san kowa ba, kuma wanda ya biya kuɗin bugawa ba ya zaune a layin.

Kada kuma a ruɗe mu da cewa kishin dimokuraɗiyya ne zalla. Mai neman kujera ba ya kashe kuɗinsa wajen fito da magoya bayan abokin hamayyarsa; yana tace sunayen waɗanda yake kyautata zaton nasa ne, su yake matsa wa. A farkon 2016, kwamitin yaƙin neman zaɓen Sanata Ted Cruz ya aika wa mutanen jihar Iowa takardu masu kama da na hukuma, da babban rubutu da ke cewa an saɓa ƙa'idar zaɓe, aka kuma ba mutum da maƙwabtansa maki irin na jarrabawar makaranta, har da na faɗuwa. Jami'in da ke kula da zaɓe a jihar, Paul Pate, wanda ɗan jam'iyyar Republican ne kamar Cruz, ya fito ya ce babu wani laifi a doka na rashin yin zaɓe, kuma ofishinsa ba ya ba masu zaɓe maki. Cruz ya ce ba zai nemi afuwar kowa ba, ya kuma lashe zaɓen fidda gwanin takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsa a Iowa. Ɓangaren abokan hamayyar Republican ma bai tsira ba: a 2024, babban lauyan jihar Maryland, Anthony Brown, ya rubuta wa ƙungiyoyi biyu masu aika irin waɗannan wasiƙu cewa su daina, domin abin da suke yi tsoratar da masu zaɓe ne. Ga inda dabarar ke kaiwa ke nan: daga kunyatarwa zuwa razanarwa, tazarar taku ɗaya ce.

In al'umma ta yanke cewa zaɓe dole ne, akwai hanyar yin haka a fili. Ostareliya ta wajabta zaɓe tun 1924, majalisa ce ta yi dokar, tarar da ake ci sananniya ce, kuma mai uzuri yana da inda zai kai uzurinsa a saurare shi. Ana iya sukar wannan tsari, amma ba a kai sunan kowa gidan maƙwabcinsa. A Amurkan ma, wani malami mai suna Costas Panagopoulos ya gwada aika wa mutane wasiƙar godiya bisa zaɓen da suka yi a baya, ya kuma ga fitowarsu ta ƙaru, ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Na san abin da ke sa wasu namu sha'awar wannan dabara. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka kaɗa ƙuri'a, kuma wannan abin damuwa ne ƙwarai. Amma rashin kunya ba shi ne ya zaunar da sauran a gida ba. Matar da ta isa rumfa da sassafe ta yi ta jiran kayan zaɓe har rana ta take, da dattijon da ya ji labarin 'yan daba a mazaɓarsa, da matashin da ya fid da rai cewa za a ƙirga ƙuri'arsa daidai, kowannensu yana da dalilin da hukuma da jam'iyyu za su gyara. A unguwar da kowa ya san jam'iyyar kowa, jerin sunayen waɗanda ba su fito ba, in ya faɗa hannun ɗan siyasa mai yaran da ke riƙe da gora, kowa a cikinmu ya san ƙofofin da za a fara ƙwanƙwasawa da shi.