Jawabin maraba da Hajiya shugabar tawagar nas-nas 'yan sa kai a Mokolo

Assalamu alaikum warahmatullah. Wakilin mai martaba Lamiɗo, Allah ya ja zamanin sarki, wakilin su-prefe, wato babban jami'in gwamnati na gundumarmu, Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu limamai, da iyayenmu mata da suka baro girki a kan wuta suka zo, ina gaishe ku duka, sannunku da zuwa.

Hajiya ranki ya daɗe, barka da sauka, lale marhabin da ke da 'yan tawagarki. Ya hanya, ya aka baro mutanen Kano? An ce in yi magana a madadin ma'aikatan jinya na nan garin da kuma al'ummar Hausawan Mokolo, to ni ba gwanar jawabi ba ce, allura da ƙarin ruwa na iya, sai a yi haƙuri da ni.

Mu da muke cikin aikin mun san abin da kuka baro. Nas ta ɗauki hutunta na shekara wanda ya kamata ta kwanta ta miƙe ƙafa, ta kai yara wajen kakarsu, ta lallashi maigida, ta nemo katin rigakafin shawara saboda ba a shiga Kamaru sai da shi, ta tsallako iyaka ta zo inda ba dangin iya ba na baba kuma ba wanda zai ba ta ko dala a kai, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, Allah ne kaɗai zai biya ku. Kuma kowa ya sani likita dubawa yake ya rubuta magani ya wuce gado na gaba, nas ce ke kwana da mara lafiya, ita ke ƙirga ɗigon ruwa, ita ke laluben jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse har fatarsa in ka ja ba ta komawa, in wuta ta ɗauke ta ciro waya ta haska ta ci gaba.

Gobe in sha Allah za a kai ku sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. Tun 2013 aka buɗe sansanin nan, yau mutanen da ke ciki sun haura 70,000, yawancinsu daga Barno, mutanen Gwoza da Bama da Banki da rikicin Boko Haram ya koro, wato naku ne Hajiya, mu riƙo kawai muke yi. Akwai yaran da a can aka haife su, sun yi wayo har sun shiga makaranta ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Cututtukan kuma ba baƙi ba ne a wajenku: zazzaɓin cizon sauro da damina, ƙyanda, tamowa, sai kwalara wadda ta yi mana mummunar ɓarna a jihar nan a 2010 kuma ta sake leƙa sansanin a 2022. Amma don Allah kar a tsaya a sansani kaɗai, a leƙa Zamay da ƙauyukan da ke kewaye, su ne suka raba ruwan rijiyarsu da itacen girkinsu da baƙi shekara da shekaru, kuma wani lokacin yaron ɗan gari ya fi na ɗan gudun hijira ramewa saboda shi babu mai rubuta sunansa a takarda.

To yanzu ga abin da ya fi damuna, tunda ke uwa ce kuma babba a aikin nan bari in faɗa miki kai tsaye. Mun ga tawagogi da yawa, sun zo da kwalayen magani an yi hotuna an raba, Allah ya saka musu, amma kwali yana ƙarewa, bayan wata biyu mu ne dai a nan da yaron da ya dawo da ciwon jiya. Abin da ba ya ƙarewa shi ne wanda kuka zuba a kan mutum. Ku zaunar da ƙannenmu masu zagaya gidaje ku nuna musu yadda ake ɗaura ma'aunin damtse na gano tamowa daidai, su san in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ba maganar jira ba ce, su san danna ƙafar yaro a ga ko kumburi ne. Ku nuna wa uwa yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ku gaya mata markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan ta masu tamowa da ake kira Plumpy'Nut magani ne na yaron da aka rubuta wa shi kaɗai, ba na rabawa yayyensa ba ne kuma ba na kaiwa kasuwa ba, ko da yake ni ba na saurin zagin uwar da ta raba, gidan da ba a ɗora tukunya ba da wuya ka ce yaro ɗaya ya ci saura su zuba ido.

Sannan ku riƙe tafintocinku da kyau. Hausa za ta kai ku nesa amma ba ko'ina ba, nan akwai mai jin Mafa kawai, akwai Fillanci, akwai Kanuri da Glavda, ga takardun asibitinmu duk da Faransanci. Tsohuwa za ta ce miki eh ta gane alhali kunya ce ta hana ta cewa a'a, ta je gida ta ba yaro maganin kwana uku a rana ɗaya. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ƙasarmu ta fara yi wa jarirai a Janairun 2024 har yanzu akwai masu ɗari-ɗari da shi, kuma maganar mace irinki mai hijabi da furfura ta fi shiga kunnensu fiye da tamu da suke gani kullum, ki taimaka mana a nan.

Masauki an gyara, an ɗaura gidan sauro, kar wadda ta ce ita nas ce ta kwana a waje. Iyayenmu mata sun dama kunu an kuma kawo ruwa, bismillah ku jiƙa maƙoshi, in an gama Sarkin Hausawa zai yi nasa sannan mu ji daga bakinki. Allah ya sa ku gama lafiya ku koma ku tarar da iyali lafiya. Wassalamu alaikum.